Gogen Kelantan a Bayan Gilashi

Wani dare ina kwance a ɗakinmu na ɗalibai a Kwala Lumfur, babban birnin Malesiya, barci ya fara fizgata, sai na ji kukan goge. Na yi zumbur na tashi zaune. Sautin daga wayar abokin ɗakina yake fitowa, siriri, yana lanƙwasa kamar muryar tsohuwa mai rarrashin jika. Na ce masa, a ina ka samo kiɗan garinmu? Ya yi dariya ya ce ai wannan kiɗan garinsu ne, sunan abin rebab, kuma a jiharsu ta Kelantan kaɗai zan ji irinsa yadda ya kamata.

Ni ɗan gidan malamai ne daga ƙasar Katsina. A garinmu akwai wani mai goge da ke zaune can bayan kasuwa, kuma tun muna ƙanana an ja mana kunne cewa ƙafarmu kada ta taka layin. Malam, wato mahaifina, in aka ambaci abin sai ya ce "goge kan bidi'a", ya ci gaba da lazuminsa. Amma katanga ba ta tare sauti. In dare ya yi tsit, iska ta juyo ta wajenmu, mukan ji shi sama-sama muna kan tabarma, kowa ya yi kamar bai ji ba. Shi ya sa da na ji ɗan'uwansa a wata ƙasa mai nisan duniya, na ƙudurta sai na gan shi da idona.

Da aka yi hutu muka shiga motar dare. Tafiyar awa takwas ce zuwa tara, ta ratsa dazuzzuka da duwatsun Gua Musang, sai dai ban ga komai ba ban da duhu, ga sanyin na'urar cikin motar ya sa na ƙudundune kamar ana tsakiyar hunturu a Funtuwa. Ana kiran assalatu muka sauka a Kota Baru, babban birnin jihar, wanda ba shi da nisa da iyakar Tailan.

Ranar Juma'a ce, kuma a Kelantan Juma'a da Asabar su ne ranakun hutu, Lahadi kowa ya koma aiki. Gidajen tarihi a rufe suke ran Juma'a, don haka na wuni ina yawo a ƙafa. Abin da ya fara ɗaukar hankalina allunan shaguna da na tituna: kusan kowanne an rubuta shi da boko, an kuma rubuta shi da Jawi, wato ajamin Malayawa. Sun ƙara wa baƙaƙen Larabci ɗige-ɗige don sautukan da Larabci ba shi da su, kamar yadda namu malaman suka yi. Na tsaya ina haɗa baƙi a bakin titi, abokina yana mamakin yadda baƙo daga Afirka yake karanta abin da wasu samarin Kwala Lumfur ke tuntuɓe a kai. Sunayen ranaku ma ba su ba ni wahala ba: Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu, Ahad. Muka yi sallar Juma'a a masallacin Muhammadi. Mutanen jihar suna yi wa ƙasarsu kirari da Serambi Mekah, wato zauren Makka, saboda yawan malamai da makarantun zaure da suke kira pondok, kuma wanda ya wuni ɗaya a garin ba zai yi musu ba.

Asabar da safe muka fara biyawa ta kasuwar Siti Khadijah, wadda aka sa wa sunan Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, kuma mata ne suka fi yawa a cikin masu sayarwa. A nan na ci nasi kerabu, shinkafa shuɗiya shar da aka rina da furen wani tsiro, an barbaɗa mata ganyayyaki da kwakwa da kifi, an ɗiga mata budu, wani romon kifi da aka tsima wanda warinsa zai sa daddawa ta ji kunya. Na cinye tas. Daga nan muka taka zuwa gidan tarihin jihar.

Na wuce tukwane da makamai da tufafi ba tare da na daɗe ba. Na ɗan tsaya wajen 'yan tsanar fata na wasan inuwa, da manyan gangunan nan da suke kira rebana ubi. Can sai ga shi a akwatin gilashi, a tsaye, shi kaɗai ya fi komai na ɗakin kama da mutum.

Tsawonsa ya kai mita guda ko ya ɗan ɗara. Sanda ce doguwa, an fiƙe ta an yi mata gaɓa-gaɓa, ta ratsa ta cikin ƙoƙon ta fito ta ƙasa ta zama ƙafar da yake tsayuwa a kai. Ƙoƙon ba na duma ba ne irin na gogenmu. Itace ne aka fafe, yawanci na bishiyar nangka, wadda ɗanta ɗaya ya fi kabewa girma, an sassaƙa shi da faɗi a sama ya tsuke a ƙasa. Fuskar kuwa, inda mu muke shimfiɗa fatar guza, su tantanin tumbin saniya ko na ɓauna suke ɗamewa, siriri har kana iya hango haske ta cikinsa. A kan tantanin akwai ɗan jaki na itace, tsirkiya uku ta ƙarfe ta hau kansa ta miƙe har sama, inda wasu turaku uku suka fito ta gefe, su ake murɗawa a ɗaure murya ko a sassauta. Can ƙololuwa an sassaƙa kai mai hawa-hawa yana tsini, an shafe shi da ja da kore da ruwan zinari, kamar kambin sarakunan Tailan da Kambodiya. Malayawa suna kiran wannan siffa pucuk rebung, tohon gora. A bayan ƙoƙon an lulluɓa ƙyalle, an saki zaruruwa masu launi suna reto. Bakan gugawa yana jingine a gefe, shi ma an yi masa sassaƙa har ya fi ƙarfin aikinsa.

Abokina ya tsaya a bayana yana nuna mini da yatsa yana faɗin sunaye. Wannan kepala, kai. Waɗannan telinga, kunnuwa. Zaruruwan baya rambut, gashi. Na ƙasa kaki, ƙafa. Sai na lura da wani ɗan dunƙule kamar marfin kwalba manne a kan tantanin, sama ta gefen hagu. Na ce wannan fa, faci ne aka yi wa huda? Ya ce a'a, sunansa susu. Na san kalmar, domin kullum ina ganinta a jikin gwangwanin madara. Ya ɗan sunkuyar da kai ya ce tana kuma nufin na jikin mace. Na ce to ai mu ma haka ne, nono muke cewa, na shanu da na uwa duk suna ɗaya. Ɗan marfin ƙarfe ne aka cika da kakin zuma aka liƙa, kuma sai daga baya na gane aikinsa.

Sunan kansa daga Larabci ya zo, rabab, kuma ya bi hanyoyin fatauci ya bazu daga Maroko har tsibiran Indunusiya. Na mutanen Jawa tsirkiya biyu gare shi. Mai uku ɗin nan na Kelantan ne da maƙwabtanta, Tarangganu da yankin Patani na kudancin Tailan, inda Malayawa Musulmi suke da yare da al'ada kusan iri ɗaya da na Kelantan.

Na fi rabin awa a gaban gilashin nan. Wasu 'yan makaranta suka shigo da malamarsu, 'yan matan sanye da farin lulluɓi, suka ɗauki hoto suka wuce. Ni kuwa abin da ke damuna shi ne na zo ne saboda murya, ga shi na tarar da mai muryar a tsaye baki a rufe. Ba laifin kowa ba ne, haka aikin gidan tarihi yake. Takobi in an ajiye shi a gilashi ana ganin kaifinsa, riga ana ganin ɗinkinta, amma abin kiɗa rabinsa kawai ake iya ajiyewa.

A kan benci a waje abokina ya ba ni labarin ɗaya rabin. Babban gidan rebab shi ne Mak Yong, wasan kwaikwayo na gargajiya da ya haɗa waƙa da rawa da ban dariya, wanda ake kwashe darare ana yin labari ɗaya. Makaɗan ba su da yawa: mai rebab, sai ganguna biyu da suke kira uwa da ɗa, sai wasu manyan faya-fayan tagulla biyu masu cibiya da ake ratayewa, sunansu tetawak. Mace ce ke fitowa a matsayin sarki, ana kiranta Pak Yong, maza kuma su fito a matsayin bayin sarki masu ba da dariya. Labaran na sarakuna ne da 'ya'yan sarakunan sama, wanda ya fi shahara shi ne na Dewa Muda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake buɗe wasan. Kafin a faɗi kalma ɗaya ta labari, sai sarkin da dukan matan su shigo su zauna a ƙasa suna fuskantar gabas, inda mai rebab yake zaune. Ba 'yan kallo suke fuskanta ba, abin kiɗan suke fuskanta. Wannan shi ake kira Menghadap Rebab, kuma kalmar menghadap ita ce wadda ake amfani da ita in talaka ya je gaban sarki, wato kamar a ce faɗuwa gaisuwa. Rebab zai fara shi kaɗai, sannan murya ta bi shi. Rawar daga yatsu take farawa, ta hau hannu, ta kai kafaɗa, ana zaune ana rangaji a hankali, sai an jima a durƙusa, sannan a miƙe. Na yi ta juya abin a zuciyata. A ƙasarmu makaɗi shi ke durƙusa wa sarki. A nan sarkin wasa ne ke zama a gaban kayan kiɗa.

To me ya kai shi gilashi? A 1990 jam'iyyar PAS ta masu kishin Musulunci ta karɓi mulkin jihar, malamin nan Nik Abdul Aziz Nik Mat ya zama babban minista, ya riƙe kujerar har 2013. A 1991 aka hana yin Mak Yong a bainar jama'a. Hujjar ita ce akwai camfi da abin da ya yi kama da shirka a cikinsa: kafin a fara wasa boka yakan buɗe fage da karance-karance, a ajiye shinkafa mai launin rawaya da ƙwai da ganyen taunawa don mazauna wurin da ido ba ya gani, a turara kayan kiɗan da turaren wuta. Ga kuma mata suna rawa a gaban maza, mace tana shigar namiji. Masu sana'ar wasu suka bari, wasu suka koma wasu jihohin. Fitacciyar cikinsu, Khatijah Awang, jagorar ƙungiyar Seri Temenggung, ta koyar da wasan a makarantar fasaha ta ƙasa a Kwala Lumfur kafin rasuwarta a 2000. A 2005 hukumar UNESCO ta sanya Mak Yong cikin fitattun al'adun 'yan Adam da ake gado baki da baki, alhali a gidansa yana haramce. Sai a 2019 gwamnatin jihar ta sassauta, bisa sharaɗin a cire tsafe-tsafen kuma a bi ƙa'idojin shari'a, har da raba maza da mata, abin da ya kai ga maza suna hawa matsayin da mata suka saba riƙewa.

Na tambayi abokina ra'ayinsa. Shi ɗan pondok ne, ya yi shekaru a gaban malamai kafin ya shiga boko. Ya ce malamai sun yi daidai, ba a wasa da tauhidi. Na ce to me kiɗan yake yi a wayarka da tsakar dare? Ya yi shiru, can ya ce kakarsa ce take rera masa waɗannan waƙoƙin yana ƙarami. Ban matsa masa ba, don in tambaya ce ni ma ana iya juyo mini da ita.

Kwana biyu bayan haka ya ce akwai wani tsoho a ƙauyen kakanninsa da har yanzu yake da rebab a ɗaki. Muka hau babur muka bi ta cikin gonakin shinkafa da itatuwan kwakwa, muna wuce 'yan rumfunan katako na hutawar matafiya da suke kira wakaf, kalmar nan dai tamu ta wakafi. Gidan tsohon na katako ne a kan dirkoki, muka cire takalma muka hau. Na gaishe shi da Tok, kamar yadda ake kiran dattijo, shi kuma ya riƙa kirana Awe, wato saurayi. Yaren Kelantan ya sha bamban da Malayancin da na koya a aji, suna haɗiye ƙarshen kalmomi, don haka abokina ne ya yi tafinta.

Aka kawo shayi mai zaƙi kamar zuma, aka yi hira mai tsawo a kan Najeriya da aikin hajji, don ya ce ya taɓa zama kusa da baƙaƙen alhazai a Mina. Sai da aka yi la'asar sannan ya shiga ciki ya fito da shi a naɗe cikin zane. Nasa bai kai na gidan tarihi ado ba. Fentin ya koɗe inda hannu ke kamawa, bakan kuma zaren roba irin na kamun kifi ne a jikinsa a maimakon tsagiya. Ya harɗe ƙafa, ya kafa ƙafar rebab ɗin a ƙasa a gabansa, ya goga ƙaro a bakan gugawa, ya murɗa kunnuwa yana kasa nasa kunnen.

Da ya ja bakan farko tsigar jikina ta tashi. Ba ya danne tsirkiya har ta taɓa sanda, yatsunsa a kanta kawai suke sauka suna zamewa, daidai yadda mai goge yake yi, shi ya sa sautin ba ya tsalle daga murya zuwa murya, sai dai ya sulale. Amma ya fi goge kauri da sanyi. Goge yana da tsiwa, yana kiran ƙafa ta taka. Wannan kuwa kamar mutum ne yake magana da hanci cikin dare, yana kai ƙara wurin wanda ya fi shi. Can tsohon ya ɗora muryarsa a kai, ta tsufa tana rawa, har na kasa rabe wacce ce ta maƙogwaro wacce ce ta tantani.

Da ya tsaya na nuna ɗan dunƙulen nan na tambaye shi amfaninsa. Bai ce komai ba, sai ya sa farce ya ɓamɓare shi, ya ja baka. Sautin ya fashe, ya zama ƙara mai amo kamar ana gugar gwangwani. Ya ɗumama kakin da yatsa, ya mai da shi wurinsa, ya sake ja, muryar ta dawo ta zauna. Nauyin ɗan kakin ne yake hana tantanin rawar banza. Ya ce da abokina ya gaya mini: yaro in an raba shi da nono ai ihu zai yi.

Daga nan hirar ta gangara inda ban zata ba. Ya ce shi a ƙuruciyarsa ba a Mak Yong ya fi yin kiɗa ba, a Main Puteri ne, wato zaman magani. Mutum biyu ke riƙe da zaman. Akwai tok teri, wanda yake fita hayyacinsa, akwai kuma tok minduk, mai rebab, wanda yake zaune daram yana kiɗa yana yi masa tambayoyi har a gano abin da ke damun majinyaci. Na ce wace irin cuta? Ya ce mafi yawa ciwon angin ne. Abokina ya juya zai fassara, na ɗaga masa hannu, don wannan kalmar na san ta. Angin iska ce, iskar da ke kaɗawa.

Na ajiye kofin shayin. Na ce Tok, a ƙasarmu ma in an ce wane yana da iska, mai goge ake kira ko mai garaya, kowane iska da takensa, in an kaɗa masa sai ya hau. Tsohon ya matso, ya sa abokina ya maimaita masa sau biyu. Sai dai da muka bi abin a hankali muka ga inda hanya ta rabu. Iskokin bori daga waje suke zuwa, suna da sunaye da gari da dangi. Su ma Malayawa suna da aljanunsu da ake kora a wannan zaman, amma angin daban ne, a cikin mutum yake tun haihuwa, kusan abin da za mu kira hali ko ɗabi'a. Wani an haife shi da iskar sarauta, wani da ta rawa, wani da ta kokawa ko ta ungozoma. In rayuwa ta toshe wa iskar nan hanya, sai mutum ya yi ta rama, ya ƙi ci, ya ƙi magana, asibiti a auna a ce lafiyarsa lau. Maganin shi ne a yi ta canza masa kiɗa da labari har a dace da nasa, sai ka ga wanda ya yi wata a kwance ya miƙe yana rawar ɗan sarki, ya yi kuka ya yi dariya, gari ya waye jikinsa ya yi sauƙi.

Ban ce na yarda da duk wannan ba, kuma shi ma bai nemi in yarda ba. Ya ce ya bar zaman magani tun da ya dawo daga Makka, yanzu sai dai in ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi ya ɗauko ya ja shi kaɗai. 'Ya'yansa babu wanda ya koya, ɗaya yana aikin kamfani a Singafo, ɗaya direban babbar mota ne. Ya ce wasu mutane daga birni sun taɓa zuwa suna so su saya su kai wurin ajiya, ya ce su dawo in ya mutu.

Ya nemi in nuna masa namu. Na lalubo wani bidiyo a waya, wani mai goge da 'yan ƙwaryarsa a bakin wata rumfa. Ya sa tabarau ya kalla har ƙarshe, ya sa aka maimaita. Ya ce, Awe, tsirkiya ɗaya tak? Na ce ɗaya, Tok, ta gashin wutsiyar doki. Ya girgiza kai, ya ɗauki bakansa, ya yi ta lalube a kan tsirkiya guda yana bin kiɗan, yana kuskurewa yana dariya, har aka kira magariba ya naɗe abinsa muka tafi masallaci tare.

A daren na tura wa Inna hoton da na ɗauka a gidan tarihi, ban rubuta komai a ƙasa ba. Da asubar Kelantan, lokacin su can dare bai raba ba, sai ga saƙon muryarta tana magana ƙasa-ƙasa: "Kai ɗan nan, wannan ai goge ne aka yi wa naɗin sarauta. Karatun ke nan da aka tura ka? To ka goge shi daga wayar kafin ka dawo, kada Malam ya gani." Ta ɗan yi shiru, ina jin motsin tasbaharta, sannan ta ce, "Ba ka ɗauko kukansa ba?"